Kusun Rumbun Tsimi

A gidanmu na Dudunni rumbu uku ne. Biyu ana ɗiba kullum, na ukun kuwa na tsimi ne, an liƙe bakinsa da laka, sai shekara ta yi tsanani ake fasawa. Kusa da shi kakata Hajjo take hura wuta bayan magariba, tana gasa mana masara tana tatsuniya. Haƙoranta huɗu ne, amma rabin masarar a bakinta take ƙarewa.

Wadda ta fi so ita ce ta wani kusu, wato ɓera, da ya faɗa rumbun tsimi ranar da ake zuba dawa, aka liƙe da shi a ciki. Ya ci ya yi ɓul-ɓul, amma kullum yana jiyo uwarsa tana kiransa ta bayan bango. Ana nan, wata shekara aka fasa bakin rumbun, haske ya shigo. Kusu ya dubi dawar, ya ce bari ya ƙara cika cikinsa tukuna. Kafin ya ɗago kai an mayar da laka.

Na tambaye ta ko ba a sake buɗewa ba.

"Ana buɗewa mana," in ji ta, "amma ba kasahwai ba. Ke dai ci masararki."

Yanzu Turanci nake koyarwa a wata firamare a Kankia. Makon jiya na rubuta kalmar seldom a allo, na ce wa yara abu ne da yakan faru amma jefi-jefi, ba wai ba ya faruwa sam ba. Wata yarinya ta ce, "Malama, a ba mu misali." Ban yi tunani ba na rubuta da Turanci cewa ba kasafai nake zuwa Dudunni ba. Ina tsaye da alli a hannu, aji guda suka kwafe a littattafansu.

Hajjo ta daɗe da rasuwa, amma Inna, mahaifiyata, tana can, idanunta na ta raguwa. Duk ɗan acaɓar da zai shigo Kankia sai ta ba shi saƙo: in zo ta gan ni tun tana iya gani. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce. Sai dai safe makaranta, yamma darasin gida-gida, Asabar ɗinki. Raina yana ƙuna, amma kullum cewa nake sai an yi hutu.

An yi hutun kuwa wancan watan. Aka yi mini tayin darasin hutu, na ce bari in ƙara wannan kawai. Ranar Litinin ta makon jiya muka koma aji.