Injin Hamma Sale da Baƙin Man da Ba a Tace Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Hamma Sale, kuma a makon da ya kamata a zauna a yi masa addu'a na tarar da injinsa na yankan katako a ƙofar gida, cikin buhu, yana jiran 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, su zo su ɗora shi a sikeli. Ɗansa Bello ne ya fito da shi. Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba a ranar, ba kuma zan ɓoye a nan ba. Bello ya san zan rubuta wannan, don a gaban matarsa na gaya masa.

Tsofaffin mutanen unguwar Sintali ba sa bukatar a gaya musu wane ne Hamma Sale. Amma sababbin zuwa sun yi yawa a Jalingo, to bari in faɗa. Mutum ne gajere, mai faɗin ƙirji, kunnensa na hagu ya daina ji saboda ƙarar inji. Bai taɓa zama a aji ba. Da mijina ya rasu na koma gidansa da 'ya'ya biyu, shi ne ya kai ni ajin manya ina da shekara arba'in da ɗoriya, ya ce gida ɗaya ba zai ɗauki jahilai biyu ba, shi ya riga ya kama wurin. Abin da nake rubutawa yau, daga wannan barkwancin nasa ya fito.

Da wannan injin ya ciyar da mu duka. Tsoho ne, mai nauyi, fentinsa ya goge har ƙarfe ya bayyana a inda hannu ke kamawa. Kafin ya taɓa itace, sai ya tada shi, ya nuna bakin takobin, wato dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa a kai, kusa da wani farin katako, ya ba shi wuta kaɗan. In ya ga siririn layin mai ya fantsama a kan katakon, sai ya yi bisimilla. In bai gani ba, ko mai aikin yana tsaye yana masifa, zai zauna a ƙasa ya kwance. Fetur yana tuƙa inji ne kawai. Sarƙa kuwa man kanta take da shi, da tankinta daban, da ɗan famfon da ke tura mata. Ranar da man nan ya daina isa gare ta, ƙarfe zai riƙa gugar ƙarfe har su ƙone juna.

Na sa aka kira min Bello. Magidanci ne yanzu, da 'ya'ya uku da tumbi.

"Goggo, injin nan ya gama yayinsa," ya ce. "Sarƙa biyu ya cinye min a wata guda. Dubi takobin, har ya yi shuɗi. In na sa shi a itace hayaƙi yake kamar ana gasa masara."

"Yana tashi?"

"Yana tashi."

"To mai tashi ne za ka kai wa masu fasa ƙarfe? Kai ma da safe da ƙyar kake tashi, wa ya sa ka a buhu?"

Matarsa ta juya baya tana dariya. Na tambaye shi wane mai yake zuba wa sarƙar. Ya ce baƙin mai, wanda makanikai ke juyewa daga motoci, yana karɓowa a garejin da ke bayan kasuwa. Nan na hau shi da faɗa. Na ce masa kasala, na ce masa rashin sanin darajar abin da uba ya bari, na ce masa wasu abubuwan da ba na jarida ba ne. Ya bari na gama, sannan ya ce, a hankali:

"Goggo, Baba ma baƙin mai yake sawa. Da idona na gani, shekara da shekaru."

Gaskiya ya faɗa.

Hamma ya san man kirki ya fi, kuma duk lokacin da ya samu shi yake saye. Amma yawancin kwanakinsa baƙin mai ya yi aiki da shi, kamar kowa a sana'ar. Sai dai man da Bello yake gani ana zubawa a zaure ba shi ne wanda ya fito daga gareji ba. In Hamma ya kawo jarka, cikin gida ake shiga da ita, bayan madafa. Can zan ajiye ta mako biyu ba mai girgiza ta, har ƙurar ƙarfe da laka su kwanta a ƙasa. Sannan in tsiyaye na saman a hankali, in tace da tsohon ɗankwali ninki huɗu, in sake tacewa da wani. Na ƙasan ba ya zuwa kusa da inji, ginshiƙan rumfa muke shafa wa saboda gara. Duk Juma'a kuma, kafin ya tafi masallaci, zai zaro ɗan tiyon da ke cikin tankin ya miƙo min, in wanke matatar da ke bakinsa da kalanzir, don yatsuna sun fi nasa sirantaka.

Bello bai taɓa ganin wannan ba. Ta ina zai gani? A gidanmu ɗa namiji ba ya tsayawa bayan madafa, da kaina na sha korarsa daga wurin. Ya ga rabin aikin da ake yi a zaure, ya ɗauka shi ne duka. Uban ya kwanta ciwo bai yi tunanin faɗa masa ba, ni ma na yi shekara tara ina ganinsa yana fita da injin ban buɗe baki ba, don ban ɗauki tatar mai a matsayin sana'a ba. Aikin gida na ɗauke shi, kamar tankaɗe. Wannan laifin nawa ne, kuma na sa shi a nan da hannuna.

Na ce wa Bello yaushe masu sikelin za su zo. Ya ce Asabar. Na ce ya bar min buhun zuwa Juma'a. In bai gyaru ba, ni zan taya shi ɗauka.

Na san abin da ke cikin injin, amma ba ni da ƙarfin kwance kuloci, wato faifan ƙarfen da ke juya sarƙa. Don haka na tare mai keke-napep, na ɗora buhun, na nufi gidan Yaya Danjuma, abokin aikin Hamma na shekaru, mutumin Mumuye, dattijon coci yanzu. Idonsa ya yi rauni, hannunsa bai yi ba. Da ya shafa injin ya gane shi tun kafin in faɗa.

"Dija, wannan ai tsohuwar Sale ne. Wa ya kashe ta?"

"Ba ta mutu ba. Mu ne muka hana ta sha."

"To kawo sifana. Ke ido, ni hannu. In mun haɗu mun zama mutum ɗaya mai kyau."

Muka fara da abu mai sauƙi, yadda Hamma ke yi. Na juye tankin man, abin da ya fito ya fi kama da kunun da ya kwana uku. Na zuba fetur kaɗan na girgiza na zubar, sau uku. Na lanƙwasa waya na kamo tiyon. Matatar ta toshe ɗam, tiyon kuma ya bushe ya tsage a wuya, ko da matatar na da kyau iska zai riƙa ja. Muka cire murfin gefe, muka sauke takobi da sarƙa. Ramin da sarƙa ke bi a jikin takobin ya cika da garin katako da ya daskare, da guntun zarto na kankare shi. Ɗan hujin da mai ke shiga ta ciki kuwa sai da na nemo shi da allura, don ya shafe kamar ba a taɓa yin sa ba.

Yaya Danjuma ya cire filogi, ya cusa igiya a ramin filogin don injin ya daina juyawa, sannan ya kama kulocin. Ya tuna min cewa shi wannan a baibai yake, ɓangaren da ake ɗaure sauran kusoshi nan ake kwance shi, kuma mutane da yawa sun karya nasu suna ta ƙara ɗaurewa. A bayansa akwai ɗan zoben roba mai haƙora, shi ke juya famfon. Haƙoransa sun cinye sumul. Man mai laka ya yi wa famfon nauyi, zoben ya yi ta ƙoƙarin juya shi har ya ƙare. Famfon kansa, da muka jiƙa shi a kalanzir muka busa, ya dawo yana juyawa da ɗan yatsa.

Akwai wasu ƙananan lambobi a jikin zoben. Hamma, in irin wannan ta same shi, sai ya ɗauki tsohon ya yi ta yawo shago shago yana gwadawa da ido, wani lokacin ya dawo da wanda bai shiga ba. Ni na kwafe lambar a takarda na shiga Kasuwar Jalingo. Mai shagon farko ya miƙo min wani ya ce duk ɗaya ne. Na ce ya karanta nasa in karanta nawa. A shago na huɗu na samu, wurin wani tsoho da ya tono shi daga ƙasan kwali, tare da tiyo da matata. Sarƙa ma sai da na sayi sabuwa, waccan ba ta da sauran amfani.

Ina hanyar dawowa ina tunanin abin da Hamma zai ce da ya ga Jalingon yau. Injuna sun cika kasuwa, masu sheƙi, marasa nauyi, kuma mutane suna saye da sanin cewa in sun lalace yarwa za a yi. Ba na jin zai zage su. Mutum ne mai son sabon abu, da ya ɗaga ɗaya ya ji rashin nauyinsa sai ya yi murmushi, don kafaɗarsa ta sha wuya. Abin da zai dame shi shi ne ba mai buɗewa ya duba. Ba zai kuma ji daɗi ba in ya ga nisan da ake yi yanzu kafin a samu itacen kirki. A zamaninsa kusa da Sunkani yake aiki ya dawo ya ci abincin rana a gida. Yau sai an wuce can da nisa. Ba zan wanke shi ba, yana cikin waɗanda suka sare. Bai taɓa sa inji a ɗorawa ko kaɗanya ba, ko nawa za a ba shi, amma sauran ya sare su da yawa, kuma bai dasa ba sai mangwaro biyu a tsakar gida. Na faɗi alherinsa, dole in faɗi wannan ma.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci muka haɗa injin. Yaya Danjuma ya goge gefen takobin da ya yi kaifi, ya juya shi ta ɗaya fuskar. Na zuba man kirki, sabo, don gwajin farko ban yarda da kowane irin wasa ba. Na aika aka kira Bello, shi ya ja igiyar. Mun fara tada shi ba takobi, muka zuba ido a ɗan ramin da mai ke fitowa a jikin injin. Da farko ba komai. Bello ya kalle ni. Sai kumfa ta fito, sai ɗigo, sai man ya fara gangarowa a jere. Muka ɗaura takobi da sarƙa, na yago gefen wani farin kwali na ajiye a ƙasa. Ya nuna bakin, ya ba shi wuta. Layin ya fito siriri, miƙaƙƙe.

Yaya Danjuma bai iya gani ba, sai ya shafa kwalin da yatsa ya shinshina. "Tsohuwar Sale ta sha ruwa," ya ce.

Bello ya kashe injin ya tsuguna yana kallon kwalin. Can ya ce, "Goggo, me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?" Na ce masa ban san cewa abin faɗa ne ba sai yanzu. Ya naɗe buhun ya kai wa matarsa ta zuba gawayi.

Mutane in suna tuna Hamma sukan ce mai haƙuri ne, mai zumunci. Haka ne, amma ana faɗin wannan a kan kowane mamaci. Abin da na san nasa ne shi kaɗai shi ne ba ya fara aiki sai ya tabbatar abin da ba a gani yana tafiya daidai. Injin zai mutu wata rana, ƙarfe ne, wataƙila nan da shekara biyu ba za a ƙara samun zoben nan a kasuwa ba. Wannan ɗabi'ar ce za ta iya wuce shi, in an miƙa ta. Ta kusa ɓacewa a hannuna ba tare da na sani ba. Allah ya jiƙan Hamma Sale, ya sa ya huta, ya yafe masa itatuwan da ya sare.

Na san Bello. Man kirki zai saya sau ɗaya ko biyu, ranar da aljihu ya yi sanyi zai koma gareji. Don haka washegari da safe na ɗauki jarka biyu, da mazurari, da tsofaffin ɗankwalayena guda biyu, na shiga sashensu. Matarsa ta taso da sauri ta miƙo hannu za ta karɓa, ta ce in nuna mata, ita za ta riƙa yi.

Na ce, "A'a, 'yata. Ke je ki ga tukunyarki. Kira min shi, ki ce ya zo bayan madafa, ya taho da kujera."