Muryar Ƙasa ta Baba

Mahaifinmu ya daina magana tun ranar da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da shi a ƙofar masallaci a unguwar Mansur, nan Makka. Muka dawo da shi daga asibiti hannun dama a sandare, baki a karkace, ido kawai ke bin mutum. Likita ta ce harshen yana iya dawowa, yana iya ƙin dawowa, mu dai riƙa yi masa hira. Ni kuwa na ce wallahi sai ya dawo. Masa nake soyawa a bakin titi, na saba jayayya da mutane tun safe, kuma ban yarda tsohon da ya cika mana gida da surutu ya tafi shiru ba.

A samartakarsa Baba ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Ikko, kafin ya zo Makka aikin gini. A Ikkon ne ma'aikatan jirgi suka riƙa kawo fayafayan garmaho na mawaƙan Jamaika, irin waƙar da ake kira rokstedi, da rege na farko-farko. Kiɗan bai dame shi ba. Abin da ya tafi da shi shi ne yadda samari uku ke tsayawa wuri ɗaya, ɗaya ya ja waƙa, ɗaya ya bi ta sama da siririyar murya, na ukun ya tokare su daga ƙasa.

Da muka taso a unguwar Nakkasa, ni da ƙanena, sai ya mai da mu ukun nan. Ranar Juma'a bayan la'asar zai rufe ƙofa da taga. Ƙanena ke ja, ni ina sama, Baba yana ƙasa, muryarsa har a ƙirji kake jin ta. Turancin ba ji muke ba, haddacewa kawai muka yi. Faɗansa kullum ɗaya ne: "Ku rage sauri! Wa ya biyo ku?" Yakan ce mutanen can da gangan suka sassauta waƙar saboda zafin garinsu, kada mai rawa ya jiƙe da gumi. Fayafayan kam zafin Makka ya lanƙwasa wasu, sauran suka salwanta lokacin da aka rushe unguwarmu.

Da hira ta ƙi aiki, sai na nemo waƙoƙin a waya na kara masa a kunne. Na saka wannan, na saka waccan. Ya juya fuska ya kalli bango. Ranar na yi kuka, na kuma ji haushinsa, Allah ya yafe mini.

Ina cikin suyar masa a tanda abin ya faɗo mini. Baba bai taɓa zama ya saurari waƙa kawai ba, shiga yake yi. A waya kuwa muryoyin uku duk sun cika, an riga an tsaya a wurinsa. Dole a rera masa da baki, a bar ƙasan fayau. Ni kaɗai ba zan iya ba, sai da mai ja.

Mai jan kuwa ya zama malam. Ƙanena yana zaune a unguwar Shisha, ya yi karatu mai zurfi, ya tara gemu, rabonsa da waƙa tun yana saurayi. Na tari tasi na same shi.

Ya ce, "Yaya, a Makka fa muke. Ɗalibai na gaishe ni a hanya."

Na ce, "Da kake jan waƙa da majina a hanci, a Jamaika muke? Babu ganga, babu garaya, bakinka kawai nake so."

"Zan ci gaba da yi masa addu'a."

"Yi addu'ar, malam, sannan ka sa takalminka."

Ya ƙi. Na koma, na sake komawa, har matarsa ta fara dariya da ta ji sallamata. Ƙarshe na ce masa in tsohon nan ya rasu bai ƙara cewa uffan ba, shi zai san abin da zai gaya wa kansa. Magana ce mai zafi, na sani, kuma ban janye ta ba.

Ya zo wata Juma'a bayan la'asar. Da kansa ya rufe taga. Muka tsaya a gefen gadon, ya gyara murya ya ja, na hau sama. Muryoyinmu sun yi tsatsa, kuma inda ya kamata Baba ya shigo sai ka ji wurin wayam, kamar miya ba gishiri. Muka kai ƙarshe. Baba yana kallon rufi.

Ƙanena ya ce, "Halas, shi ke nan, Yaya, mun gwada."

Na riƙe hannun jallabiyarsa. "Sake."

Ya sake, amma kunya da gajiya suka sa ya riƙa gudu don ya gama ya tafi. Ina binsa da ƙyar, numfashina na yankewa. Sai na ga hannun hagun Baba ya ɗaga ya bugi katifa. Leɓensa ya yi ta rawa, miyau na zuba, ya yi fama, ya yi fama, sannan kalmar ta fito a murguɗe:

"Sauri."

Ƙanena ya tsaya cak. Ya durƙusa ya kifa goshi a bakin gadon yana kuka. Ni ban bari ya daɗe ba, na ɗago shi na ce, "Ka ji abin da aka ce maka."

Ya share fuska da hannun riga, ya ja waƙar a hankali, yadda aka koya mana. Na hau sama. Da muka iso wurin da muka bari, Baba ya shigo daga ƙasa.