Masu Gadi Uku a Cikin Kwamfuta

Ku dai kuna ganin kakanku yanzu a kan kujera, yana gyangyaɗi da carbi a hannu, kun ɗauka haka aka haife shi. To wannan mutumin da kuke ja wa hula, tun yana saurayi har gashin kansa ya yi fari gadi yake yi. Bai taɓa wata sana'a ba. Wani babban sito ne na siminti da rodi da kwanon rufi, shi ke tsaron ƙofar. Kujerarsa ta ƙarfe ce, ƙafa ɗaya an ɗaure da roba, ga usur a wuya, ga tocila mai nauyi kamar taɓarya. Ko mai siton ne ya zo da mota, sai ya leƙa bayanta kafin ya buɗe. Mutumin ya ce, "Haba, ni ne fa." Shi kuma ya ce, "Na san kai ne, ranka ya daɗe, motar ce ban sani ba."

Ni kaina ban tsira ba. In na kai masa abinci na ƙwanƙwasa, yana kallona ta ramin ƙofa, ido cikin ido, sai ya ce, "Wane ne?" In ce, "Ɓarawo ne, ya zo da kwano." Sannan ya buɗe yana dariya.

Kai, bar taɓa rediyon nan, zauna ka ji.

Da ƙafa ta fara ciwo ya bar aiki, sai ya dawo da gadin gida. Ƙofar gidan nan kwaɗo biyu ne, kun sani. Kwabar kwanuka ma sai da ya sa mata kwaɗo, na ce wa zai saci murfin tukunya. Ya ce ɓarawo ba ya raina kaya.

To ana nan sai gwaggonku Auta ta yi aure, mijinta ya tafi da ita can nesa inda yake aiki, tafiyar da ba a yi sai da shiri. Muna magana a waya, amma wayar kakanku irin mai tocila ce, murya kawai. Ko ta maƙwabta aka ara, ni idona ba ya gani, fuskar Auta sai ta zama kamar ƙwayar wake. Shi ne ta aiko mana da kwamfuta, irin wadda ake naɗewa kamar faranti biyu. Babanku ya zo ya haɗa, ya nuna mana inda ake dannawa. Ranar da na fara ganin Auta a ciki, da girmanta, har ɗan tabon goshinta, sai da na kai hannu zan gyara mata ɗankwali.

Kwamfuta ta samu mai gadi. Ya sa ta a kan tebur a ɗaki, ya rufe da tawul sabo, ya hana kowa zuwa kusa da ruwa. Ni in zan share teburin sai yana tsaye a kaina.

Wata rana maƙwabcinmu tela ya shigo yana ta ƙorafi. Wai tasa kwamfutar, wadda yake ajiye hotunan ɗinki yana nuna wa mata su zaɓa, wani abu ya shiga ya cinye komai. Bairos ake ce masa. Kakanku ya miƙe zaune.

"Ta ina ya shiga?"

Tela ya ce, "Ta iska, Baba. Ba ya bin ƙofa."

"Ɓarawon da ba ya bin ƙofa? To wa ke tsaronta?"

Tela ya ce akwai abin da ake sa mata, antibairos, shi ne kamar mai gadinta. Akwai na kuɗi, akwai na kyauta, shi yanzu na kyauta ya sa. Kafin ya rufe baki kakanku ya yaye tawul, ya ce bismillah, sa mana. Tela ya sa.

Da an tsaya nan da babu labari. Amma kakanku ya je aski, ya ba wanzami labari, wanzami ya ce ai na tela ba shi da ƙarfi, shi ya san wani. Aka zo aka sa na biyu. Sannan direban da ke haya a ɗakin waje ya ce duk ba su kai nasa ba. Aka sa na uku.

Na ce, "Malam, wannan taron fa?"

Ya ce, "Ke ba ki san aiki ba. A sito mu uku ne: na safe, na rana, na dare. Mutum ɗaya ba ya tsaron ƙofa, dole ya runtsa. In wannan ya gaji wannan ya karɓa."

Na ce to, ni dai ba gadi na yi ba.

Ashe su waɗannan ba su san karɓa-karɓa ba. Duk ukun a tsaye suke lokaci ɗaya. Kwamfuta ta fara nauyi. Ka danna, ka je ka ɗora ruwa, ka dawo, tana nan tana tunani. Ta yi zafi, ƙasanta kamar an sauke tukunya, wani abu a ciki yana ta huci fuuu kamar mai asma. Kuma kowane lokaci sai wani akwati ya faɗo a fuskarta, ja ko ruwan ɗorawa, da ƙara ƙwing. Mu ba karatu ba, kakanku sai ya gyaɗa kai ya ce, "Kin gani? Sun kama wani."

A lokacin Auta na da tsohon ciki, na fari. Ita ce damuwata. In ta kira, sai fuskarta ta sandare, baki buɗe, ido ɗaya a rufe, muryar tana zuwa guntu-guntu. Ina so in ga ƙafarta ko ta kumbura, ba hali. Na ce wa kakanku abin nan tun da ka tara mata mutane ta lalace. Ya ce iska ce ba kyau.

Sai ga waya daga surukinmu, da yamma: Auta ta sauka lafiya, namiji. Na yi ta hamdala, har na rasa inda zan sa kaina. Ya ce gobe bayan la'asar, in an sallame su sun koma gida, za su kira mu ga yaro. Kakanku ya ce bari ya gwada kwamfuta tun yanzu. Ya danna. Ta yi huci, ta yi huci, ta kawo wani ɗan zobe yana juyawa. Muka yi sallar magariba yana juyawa. Muka ci abinci yana juyawa.

Na ce, "Malam, ka ji ni da kyau. Ni jikana zan gani gobe. In masu gadinka suka hana ni, kai da su duk waje za ku kwana."

Da safe na ga ya naɗe ta a tawul ya rungume kamar jariri, ya ce in sa mayafi mu je wurin mai gyara.

Shagon mai gyara ɗan ƙarami ne, ƙarƙashin bene, tsakanin mai sayar da fenti da mai cajin waya. Ciki kwamfutoci ne a jibge, wasu ciki a buɗe, wayoyi sun sarƙe kamar saƙar gizo, ga fanka tana juyawa ba murfi. Shi kuwa mutum ne mai tumbi, da tabarau a kan hanci, yana shan shayi a kofin da yake zuba ƙananan kusoshi in ya shanye. Ya ba ni benci, ya karɓi kwamfuta, ya jira ta buɗe har shayinsa ya huce. Da ya duba sai ya cire tabarau, ya dubi kakanku, ya mayar, ya sake dubawa. Sai dariya, har yana riƙe tebur.

"Baba, wa ya yi maka wannan aiki?"

"Ni na sa a yi. Me ya faru?"

"Uku fa ka sa!"

"Uku na sa. Kaɗan ne?"

Mai gyara ya share hawaye ya ce, "Baba, babu ɓarawo ko ɗaya a cikin nan. Junansu suke kamawa. Wannan ya ga wancan yana leƙe-leƙe, ya ce ɓarawo ne, ya shaƙe shi. Na ukun ya zo ya shaƙe su duka. Duk ƙarfin kwamfutar a kokawa yake ƙarewa, ba wanda ke kallon ƙofa."

Na ce, "Yawwa, faɗa masa, ɗana. Ni da na faɗa iska ce."

Kakanku ya shafa gemu. Can ya ce, "Ba a gabatar da su ga juna ba ke nan."

"Ba sa gabatuwa, Baba. Ɗaya ake sawa. Ka zaɓa: na kyauta ko na kuɗi."

Nan fa aka zo wurin. Kakanku ya jawo kujera ya zauna, ya gyara hula, kamar mai ɗaukar ma'aikaci. Ni kuwa ina kallon inuwa a bakin shago tana matsowa.

Ya ce, "Na kuɗin me ya fi shi da shi?"

Mai gyara ya ce, gaskiya wajen kama ɓarawo kusan duk ɗaya ne. Na kuɗi yana da ƙarin aiki: yana rakiyar mutum in zai yi harkar banki ko sayayya, yana hana yara shiga inda bai kamata ba, in abu ya rikice akwai wanda za ka kira. Kuma ba ya damunka da talla. Amma duk shekara sai ka sabunta, in ka manta ya ajiye aiki. Ya ce, "Ku me kuke yi da ita?"

Na ce, "Auta muke gani."

"Shi ke nan?"

"Sai wa'azi wani lokaci, da kokawa in ba na ɗakin."

Ya ce to na kyauta ya ishe mu har ya yi yawa.

Na miƙe na ce alhamdulillahi, sa mana mu tafi. Kakanku ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Shi na kyautan, me yake ci?"

"Baba, ba ya cin komai, ba mutum ba ne."

"Waɗanda suka yi shi mutane ne. Me suke ci?"

Mai gyara ya ce to, talla suke sawa, kuma kullum suna roƙonka ka sayi babban wansa na kuɗi. Akwatunan nan da ke faɗowa, rabinsu roƙo ne.

Kakanku ya ce, "Ka ji ba. Mai gadin da ba a biya, idonsa ba a ƙofa yake ba, yana kan hannun masu wucewa. Na zauna da irinsu, ba laifinsu ba ne, yunwa ce. Ni kuma ban taɓa sa mutum aiki in ce masa Allah ya biya ba. Sa na kuɗi."

Ya zura hannu aljihu. Mai gyara ya ce a'a, ba a hannu ake ba su ba, sai an rubuta lambar katin banki a cikin kwamfutar.

Ku zo ku ga fuskar kakanku. Katin nan ko ni ban san inda yake ɓoye shi ba.

"In rubuta lambata a cikin abin da ɓarawo ke shiga ta iska?"

"To ka ba ni kuɗin, in biya da nawa katin."

"Sai ya zama yaronka ke nan, ba nawa ba. Ranar da muka ɓata ka janye shi."

Mai gyara ya dube ni, na dube shi. Na kyauta ba mutunci, na kuɗi ba aminci. Aka kira azahar muna nan. Mai fenti ya leƙo ya ba da shawara, mai cajin waya ya leƙo ya ba da tasa, kakanku ya ce shawarar maƙwabta ce ta kawo shi nan, su koma shagunansu. Na ga yaron nan za a nuna shi ga zobe mai juyawa.

Na ce, "Ɗana, don Allah, ita wannan abar da aka ƙera ta, haka aka sako ta tsirara ba mai tsaro?"

Ya ce, "A'a Inna, akwai nata na gida, da shi take zuwa. Waɗannan baƙin ne suka ture shi gefe. In na cire su zai tashi da kansa, kuma ba ya roƙo."

Kakanku ya ce, "Shi wa ke biyansa?"

Mai gyara ya buɗe baki zai ce kyauta, na harare shi. Ya haɗiye, ya yi tunani, ya ce, "Ai kuɗinsa na cikin kuɗin kwamfutar, Baba. Ranar da 'yarka ta saya ta biya har da shi."

"Auta ta biya shi?"

"Ta biya."

"Kuma yana nan tun farko, aka ture shi, bai yi ƙorafi ba?"

"Ko tari bai yi ba."

Kakanku ya buga gwiwa ya ce, "Wannan shi ne ma'aikaci. Mayar da shi bakin ƙofa."

Sai sallamar ukun. Kun san shi, ba ya son ganin an kori mai gadi. Duk wanda mai gyara zai cire, sai kwamfuta ta tambaya ko an tabbata, shi kuma kakanku ya ce, "An tabbata. Allah ya ba ka wani wurin." Na wanzami ya fi taurin kai, ya ƙi fita, yana ta kawo akwati yana magiya, sai da aka kashe aka kunna. Ana gamawa hucin ya tsaya cak. Mai gyara ya danna, ta buɗe kafin in gyara zama.

Muka taho gida, ni a gaba, shi a baya da tawul ɗinsa yana ɗingishi, ina ce masa ɗaga ƙafa. Mun idar da la'asar ke nan, ko sallaya ban naɗe ba, ta yi ƙara. Ya danna. Sai ga Auta a kan gado, ta rame kaɗan amma tana murmushi, murya tar kamar tana ɗakin. Ta ce, "Inna, ga mijinki," ta ɗago shi.

Jawur da shi, gashi a kwance luf, ya dunƙule hannu. Na ce ta buɗe zanen in ga ƙafafu, ta buɗe, na ga komai lafiya. Na ce ta juya min shi gefe. Tana juyawa na ga kunnuwa, fatan-fatan, sun tsaya kamar hannun kofi.

Na ce, "Innalillahi, Malam, ka ɓata min miji. Duk abin gadon da ke gidan nan, kunnenka ya ɗauko."

Auta tana dariya tana riƙe ciki tana cewa in bari, ɗinki zai buɗe. Kakanku ya matso har hancinsa na taɓa gilashi, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ja baya yana goge ido da hannun riga, wai hasken kwamfuta ne ya yi masa yawa. Ya ce, "Kunne ne mai kyau. Juyo min ɗayan in gani."