Haƙorin Mai Busa

Tun da na fara aikin haƙori a Doha bakunan da na leƙa ba sa ƙirguwa, amma akwai haƙori guda da har in koma ga Mahaliccina ba zai fita daga raina ba.

Wata Alhamis ce da hantsi, a ƙaramin asibitin da nake aiki a Madinat Khalifa. Nas ɗin da ke taimaka mini, wata 'yar Kafanchan, ta leƙo ta ce, "Likita, ga wani dattijo ya ƙi jiran layi, kuma Hausa yake yi." Ya shigo rungume da baƙar jaka, hannu ɗaya toshe da bakinsa. Da ya sauke hannun sai na ga haƙorinsa na gaba na sama ya karye kusan rabi. Ƙwallon dabino ya ciza wajen karin kumallo a otal ɗinsa na West Bay.

"Baba, kwantar da hankalinka," na ce. "Za mu auna a haɗa maka wani, nan da mako guda ka manta."

"Mako guda? 'Yata, jibi nake busa."

Ya buɗe jakar ya harhaɗa wata doguwar baƙar sarewa mai maɓallan azurfa, ya ce sunanta kilarinet, kuma a kan haƙoran gaba na sama take tsayawa idan ana busa ta. A Jos ya taso, a wurin mahaifinsa mai busa a badujalar 'yan sanda ya koya. Daga nan ya tafi Turai, da rana yana karatun kiɗan gargajiyarsu wanda komai a rubuce yake, ba a ƙara ko ɗigo, da yamma kuma yana busa jaz, inda mutum ke ƙirƙira nan take. Shekara arba'in ɓangarorin biyu suna yi masa kallon bare. Masu takarda su ce ya cika wasa, 'yan jaz su ce ya cika ƙa'ida. Sai yanzu da furfura aka gayyace shi ya gabatar da kiɗan da ya shafe shekara shida yana rubutawa, makaɗan ɓangarorin biyu a dandali ɗaya, shi a tsakiya.

Gobe Juma'a, masu haɗa mana haƙori ba sa aiki. Dole ni da hannuna in gina masa rabin da ya karye da farin abin ciko. Na yi bismillah na fara. Bayan kusan awa guda na miƙa masa madubi ina jin daɗi, domin haƙori ya fito sumul kamar bai taɓa karyewa ba. Ko kallon madubin bai yi ba. Ya ɗauki sarewar ya hura, sai ta yi wani ƙara mai tsini kamar an taka wutsiyar kyanwa. Ya sake, ta sake.

"Kin yi mini haƙorin saurayi," ya ce a hankali. "Nawa tsoho ne, ya san wurin zamansa."

A lokacin na ɗan ji zafin maganar, don ina ji da hannuna. Yanzu na san gaskiya ya faɗa. Ya nuna mini bakin sarewar, na ga ɗan gurbin da haƙoransa suka lotsa saboda daɗewa. Tsohon haƙorin ya zaizaye ta gefe guda, ni kuma na miƙe shi. Wannan gurbi na mayar ma'auni. In goge kaɗan, ya busa, ya girgiza kai, in sake gogewa. Tsorona kuwa, in na wuce gona da iri cikon zai yi siriri ya ɓalle, kuma abin da aka goge ba ya dawowa cikin sauƙi. Zufa ta jiƙa mini ɗankwali duk da sanyin na'ura. Nas ta raɗa mini, "Yalla, yi sauri, Likita, mutane sun cika waje." Na ce ta ba su haƙuri.

A karo na bakwai ya hura, wani sauti mai kauri da taushi ya cika ɗakin, har wani yaro da ke kuka a waje ya yi shiru. Ya lumshe ido ya ce, "Khalas, ya isa. Kada ki ƙara taɓawa." Na gaya masa gaskiya cewa ban da tabbacin cikon zai jure matsi na awa biyu. Ya ce, "Allah na nan," ya ajiye mini katin shiga biyu.

Ranar Asabar bayan magariba muka je da maigidana. Mutane suna sauraren kiɗa, ni bakinsa kawai nake kallo. Masu goge da yawa a dama, mai ganga da mai fiyano a hagu, shi yana kai da komo tsakaninsu da sarewarsa. Can wajen ƙarshe kowa ya tsaya aka bar shi shi kaɗai. Ya ja wata doguwar busa, tana hawa, tana hawa, sai ɗif, ya yanke. Ya sauke sarewar daga bakinsa. Na damƙi hannun maigidana na ce, "Innalillahi, ya karye!" Na soma tunanin ta wace ƙofa zan bi in same shi. Sai ya ɗaga kai, ya yi wa mai ganga murmushi, na hango haƙorin fari tas, duk makaɗan suka shigo lokaci guda. Ashe shirun ma cikin kiɗan yake. Da aka gama jama'a suka miƙe suna tafi.

Da muka gaisa a waje ya ce, "'Yata, na hango ki, kamar wadda ake shirin yi wa allura." Muka yi dariya, na roƙe shi idan ya koma gida ya je a yi masa haƙori na dindindin, amma bai yi mini alkawari ba, ya ɗauki sarewarsa ya tafi.

Tun daga ranar na daina ɗauka cewa ni na fi mara lafiya sanin jikinsa. Duk wanda ya zauna a kujerata, kafin in ce ya buɗe baki, sai na tambaye shi sana'arsa, kuma in saurari amsar.