Kokowa a kan kasat ɗin sunan Rakiya

Bana shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Isufu, malamin lekol, wato makarantar boko, mutumin Damagaram da ya yi zamansa a unguwar Yantala. Ya bar matarsa da jaririya, Rakiya, da kwali guda na kasat ɗin bidiyo. Shi ne mai kamera a danginmu. Suna, aure, dawowar alhazai, kullum yana bayan ƙarfen nan, shi ya sa babu fuskarsa ko a ɗaya.

Kwalin nan yana hannuna, ban taɓa ba kowa aro ba. Ni mutum ne mai zargi, ban ɓoye ba. Da Rakiya ta matsa a juye kasat ɗin sunanta a faifan CD, ko Allah zai sa ta ji muryar uban da ba ta sani ba, sai da na ja mata rai wata uku. Yau ka ba mutum hoton iyalinka, gobe ka gan shi yana yawo a wayoyin jama'a. Isufu da ba ya barin baƙo ya leƙa zaman mata, me zai ce da wannan zamani?

Daga ƙarshe na kai wa wani Bazabarme mai butik, wato shagon juye kasat, a unguwar Bobiel. Ya ce zaren kasat ɗin ya yi fumfuna, in bar masa kwana biyu. Na ƙi. Na ja kujera na zauna, ina kallon hannunsa yana gogewa. Sallar azahar kaɗai ta tayar da ni, kafin in dawo ya gama juyewa.

A gida muka saka faifan, sai ga ƙarti biyu cikin fili, da laya da guraye, suna kokowa. Nan take na kashe tele. Wato tafiyata masallaci ce ta ba shi damar musanya mini kaya! Na koma da Rakiya, na wanke shi tas a gaban mutane. Ya karɓi kayan daga hannuna. Ya nuna mini rubutun Isufu a jikin kasat ɗin, ya saka shi, ya ƙara sauti.

"Alhaji, ka saurara dai," in ji shi.

Ashe Isufu ne. Ba shi da sabon kasat ranar karon ƙarshe na kokowar ƙasa, sai ya ɗauki na sunan 'yarsa, ya saita kamera a kan gilashin tele, ya shafe raɗin suna da addu'ar liman. Ga muryarsa nan ɓaro-ɓaro yana zuga ɗan kokowar Damagaram. Kunya ta kama ni, haushin Isufu kuma ya fi kunyar. Na ba mai butik haƙuri, amma sai da na sa ya goge kwafin daga na'urarsa a kan idona.

Haushin bai daɗe ba. Can gaba a kasat ɗin, ana dab da kaye, jaririya ta fasa kuka. Sai hoton ya karkace, ya tsaya a kan bango. Ana jin filin kokowa ya ɗauki sowa, Isufu kuwa yana cewa, "Miƙo mini ita nan."

Har yau ban san wanda ya yi kaye ba, shi ma bai gani ba. Wannan shi ne yayana: ya shafe sunan 'yarsa don kokowa, ya kuma bar kokowar don kukanta. Rakiya ta daɗe tana kallon bangon nan, sannan ta juyo gare ni.

"Baba, ashe ya taɓa ɗaukata."