Pa Buakham, Wadda Ta Kwanta a Ƙarƙashin Motar Kabeji

Kafin hazo ya ɗaga daga kan gonakin kabeji, Pa Buakham ta riga ta ja ƙofar garejinta, ta ɗora tukunyar kofi, ta ajiye kwandon shinkafarta mai danƙo a kan benci, ta zauna bakin titi da ƙaramar guduma a cinya. Kunne take kasawa. Tun mota tana can sama ba a hango ta ba, za ka ji ta ce, "Ga Somrak nan tafe, yana taka birki kamar mai casar shinkafa. Bari ya iso ya ce min lafiyar motarsa ƙalau."

Haka muka san ta a Kwanar Ruwa, tsakiyar gangaren da ke sauko da kabejinmu zuwa kasuwar kwari. Kowa Pa yake ce mata, wato goggo, har waɗanda suka girme ta. A watan nan ta ajiye aiki, kafaɗarta ta daina ɗaga sifana. Ni kuwa na rantse ba za a bar ta ta tafi shiru ba.

Mu mutanen dutse, a faɗi gaskiya, ba mu da tausayin mota. Mutum zai sayi a-kori-kura mai ƙarfi, ya ƙara mata sifirin don kada ta durƙusa, ya walda mata keji har sama, ya lafta mata kayan mota uku, ya sa matarsa a gaba, leburori a bisa kaya. In sifirin ya karye ya ce ƙarfen zamani ne ba shi da kyau. In lagireto ya tafasa a hawa ya zagi rana. Kulochi ya ƙone, boris ɗin baya ya ci wuta, duk ba laifinsa ba ne. Duk waɗannan Pa Buakham ta gyara su tun daga ranar da mijinta Lung Inta ya rasu ya bar mata gareji da jak ɗaya. An ce za ta sayar da wurin ta koma sayar da taliya. Ita kuwa sai ta ɗaure gashinta ta shiga ƙarƙashin mota. Tana gyara tana faɗa, kuma faɗan kyauta ne.

Amma babban yaƙinta da tiyon ruwa ne.

Akwai idon ruwa a kwanar, daf da ɗan ɗakin iskokin dutse inda direbobi ke danna ham su ajiye jan lemo. Tun zamanin iyayenmu, duk wanda ya sauko da kaya sai ya tsaya nan ya ja tiyo ya feshe tayoyin baya da ruwan sanyi. Kaskon birki, wanda suke kira dirom, ya yi zafi kamar garwashi, ruwa ya sauka a kansa, tururi ya tashi, ƙarfe ya yi ta huci. Direba ya yi murmushi, wai mota ta sha ruwa ta huce. Ita kuwa takan fito tana tafa hannu: "Ko tukunyar uwarka ce ka sauke daga wuta ka tsoma a ruwan sanyi, sau nawa za ta jure? Ku sauko da giya ta biyu, ku bar ƙarfe ya huce da kansa!" Ta ɓoye tiyon, suka sayo wani. Ta yanka shi, suka ɗaure da roba. Da ta ga faɗa bai ci ba sai ta kafa benci, ta riƙa ba da kofi mai madara kyauta, don mutum ya zauna har birkinsa ya huce. Wasu suka zauna. Mafi yawa suka sha kofin, suka kuma fesa ruwan.

Waɗanda suke wurin ranar Neng har yau suna ba da labarin. Neng manomi ne daga ƙauyen ƙabilar Hmong na can ƙololuwa, mai zafin nama da zafin kai. Damina ce, ruwa ya lalata gonakin mutane da yawa, nasa kabejin ya tsira, kuma masu saye daga birni suna jira a kwari da safiyar nan kawai. Ya tsaya a kwanar, ya fesa ruwansa, matarsa Sua tana zaune a gaba da jaririya a ƙirji. Pa Buakham ta zagaya kamar yadda ta saba, ta zura guduma ta tsakanin ƙarfen taya ta ƙwanƙwasa. Na dama ya amsa kamar ƙararrawa. Na hagu ya ce ɗib.

"Kashe motar nan, ɗan nan."

"Haba Pa, yau kam ki bar ni. In na dawo ki kwance ta gaba ɗaya, har ni ki kwance."

"Kaskon hagu ya tsage. Ba za ka kai gada da shi ba."

"Jiya na sauka da shi!"

"Jiya bai tsage ba. Yanzu ka tsaga shi da hannunka, ina kallo."

Sauran direbobi suka fara tsokana. Somrak ya ce, "Neng, ka ba ta kabeji biyu ta ƙyale ka, miya take nema." Aka yi dariya. Neng ya shige mota ya tayar, ya leƙo ta taga ya ce, "Pa, ina ganin girmanki, amma ba ke za ki ciyar da gidana bana ba."

Pa Buakham ta ajiye gudumarta. Ta jawo katakon da take kwanciya a kai, ta miƙe a kansa, ta tura kanta ƙarƙashin motar daidai gaban tayar baya, inji na aiki, kaya na rangaji a sama. Ƙafafunta kaɗai ake gani cikin silifa. Daga can ƙasa muryarta ta fito: "To, ga hanya nan. Ka fara da ni, sannan ka ƙarasa da Sua da 'yarka a kwanar gada."

Dariya ta ɗauke. Neng ya yi ihu, ya yi magiya, ya doki sitiyari. Aka ja ƙafarta, ta harba. Sua ce ta buɗe ƙofa ta sauko da jaririyar ba tare da ta kalli mijinta ba, ta je ta zauna a kan benci. Sai a nan ya kashe motar.

Aka sa jak, aka cire taya. Da Pa Buakham ta ja kaskon, gida biyu ya rabu a hannunta. Kafin a samo wani daga kwari rana ta yi tsaka, masu saye sun tafi, kabejin ya yi laushi a cikin keji, rabinsa aladu suka ci. Shekarar ta yi wa Neng tsanani, ba zan ɓoye ba, har sai da ya je ƙwadago a gonar wasu. Ya daɗe yana wuce garejin bai ɗaga mata hannu ba. Abin ya yi mata ciwo, ta faɗa min da bakinta. Amma da na tambaye ta ko ta yi nadama, harara ta ba ni amsa. Ta rataye ɓarin kaskon biyu a kan ƙusar da ake rataye tiyo. Daga nan masu fesa ruwa suka riƙa raguwa, ba a rana ɗaya ba, har ciyawa ta rufe tiyon.

Pa Buakham, ke ce kika gwammace a tsane ki a raye da a yabe ki a wurin ƙona gawa. Ke ce mai guduma, uwar gangare. Babu wanda ya ɗora miki tsaron ranmu, ke kika ɗora wa kanki, kika tsaya a kai da taurin kan da ya fi namu. Ba mu san adadin waɗanda kika tsayar ba, domin wanda ya isa gida lafiya ba ya sanin abin da ya tsallake.

Ranar sallamarta direbobi suka jera motoci a kwanar, kowa ya zo da farin zare ya ɗaura mata a wuyan hannu yana yi mata fatan alheri, har zaren ya kai gwiwar hannu. Tana ta mita wai an hana ta shan kofi. Can sai ga wata a-kori-kura tana saukowa a hankali da giya ta biyu, inji na gurnani, budurwa ce a kan sitiyari. Neng ya fito daga ɗaya gefen, kansa ya yi furfura.

"Pa, kabejina na ranar nan har yau ban yafe ba."

"Ni ma ban nemi yafiya ba, ɗan nan."

Ya juya ya kira budurwar, 'yarsa, jaririyar nan ta ranar kaskon. "Kalia, zo ki ɗaura mata." Yarinyar ta durƙusa ta ɗaura zaren, Neng ya kau da kai yana kallon daji. Pa Buakham ta riƙe hannun yarinyar ta daɗe tana dubanta, idonta ya cika. Sannan ta miƙe da kyar, ta ɗauki guduma, ta zagaya bayan motar ta ƙwanƙwasa dama da hagu. Duka biyun suka amsa kamar ƙararrawa.

Mun gode, Pa. Ku kuma masu gyara da masu tuƙi, in kun ji ƙarfe ya ce ɗib, ku tsaya a kan gaskiyarku ko da za a daina gaishe ku. Gudumar tana nan a kan benci, ta bar ta ga duk wanda zai ɗauka.