Gadar da Mai Gandu Ya Gyara

"To ka auri gudumar mana! Ka ɗauke ta ku je ku tare a cikin dajin!"

Muryar matar Mai Gandu ce ta ratso bangon da ya raba ɗakina da nasu, bangon da ko tari ba ya riƙewa.

"Ki sassauta murya, uwar yara, maƙwabta na ji."

"Su ji! Mako uku kacal aka ce ka kame hannunka, Malam. Mako uku! Yaron goye ma sai ya iya."



Shekara ashirin da shida Mai Gandu ya yi yana gadin gandun dajin gwamnati da ke bakin gari, har sunansa na yanka ya ɓace a bakin mutane. Wurin ba wani girma gare shi ba: bishiyoyi masu inuwa, benci goma sha ɗaya, da ƙorama mai gadar katako. Nan iyalai ke zuwa shan iska ranar hutu, ɗalibai su baje littattafai su yi barci a kansu. Su bakwai aka ɗauka aiki. Da kuɗin kula da wurin suka fara ƙafewa, aka riƙa sallamar su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage shi kaɗai da tsintsiya.

Tun daga nan ya koma kafinta da mai fenti. Tsofaffin ƙusoshi yake tsinta a hanya, ya miƙe su a kan dutse, ya tara a gwangwanin madara. Ragowar fenti kuwa roƙo yake a wurin masu gini, ya gauraya, ya fito da wani launi tsakanin kore da taɓo, ya shafe bencinan da shi.

Wannan ƙwazon ne ya kashe wurin. Gwamnati ta ware kuɗin ceto gandaye, amma bisa ƙa'ida: kwamiti zai zagaya, wanda ya fi lalacewa shi za a ba. Zuwansu na farko suka zauna a bencinansa, suka sha iska, suka yaba, suka rubuta cewa wannan gandun ba ya buƙatar agaji. Kuɗin suka tafi wani gandun da masu gadinsa suka sayar da wayar shingen.

Bana ne zagaye na ƙarshe. Duk gandun da bai samu shiga ba za a soke shi, a miƙa wa ofishin filaye ya yanka fuloti, mai gadi kuma ya koma gida. Shugabansa na ofis har gida ya biyo shi, na ji su a soro.

"Baba, don Allah ka bar wurin ya yi muni. Ruwa ya tafi da katako uku na gadar nan, ko? Alhamdu lillahi. Kada ka taɓa. Ba ƙarya za mu yi ba, gaskiyar ce kake ta rufewa da fenti."

Ya yi alkawari. Matarsa ta ɓoye gudumar a ƙarƙashin katifa. Kwana ashirin ina ganinsa yana fita hannuwa a goye a baya, kamar wanda aka kamo. Ya bar ciyawa ta ci hanya, ya bar leda tana lilo a rassa. Har ramewa ya yi.

Da safiyar ranar zuwan kwamiti ya ɗaga katifar. Kafin motocinsu su iso, gadar ta tsaya cak da sababbin katakai uku, hanya a share, ko leda ɗaya babu.

Ga duk wanda ya tambaya, amsarsa ɗaya ce: yara za su faɗa ƙorama. Mutane suka gyaɗa kai, suka ce bawan Allah ne. Ni ban gamsu ba. Da hannunsa ya ɗaure bakin gadar da igiya tun ranar da ta karye, kuma kwana ashirin ba ta ci ɗan kowa ba. Me ya sa sai ranar?

A bakin matarsa na ji sauran, tana shanya kaya tana huci. Ana gobe za su zo aka kawo sunayen 'yan kwamitin. Shugabansu ɗaya ne daga cikin bakwai ɗin nan na farko, wanda Mai Gandu ya koya wa riƙon almakashin shinge, daga baya ya tafi ƙaro karatu ya dawo da mota da direba.

"Wai ba zai iya tsayawa gabansa a cikin juji ba," in ji ta. "Kada ya ce tsoho ya gaza. To ga shi nan, bai gaza ba. Sai mu dafa bencin mu ci."

Shugaban kwamitin ya hau gadar, ya buga ƙafa sau biyu, ya yi dariya ya ce, "Baba, hannunka bai tsufa ba." Sau uku Mai Gandu ya maimaita mini wannan maganar a mako guda, kowane karo fuskarsa sai ta washe. Ban taɓa jin ya ambaci abin da mutumin ya rubuta a takarda bayan ya sauko ba.

Wasiƙar soke gandun ta zo bayan wata biyu, da ta sallama a manne da ita. Aka karɓi makullin ƙofa, masu awo suka shiga suka kakkafa turaku masu jan kai tun daga bakin titi har ƙorama. Benci huɗu sun riga sun ɓace.

Jiya da hantsi na ci karo da shi a ƙofar gida, sanye da tsohuwar rigar aiki an goge ta tas.

"Baba, ina zuwa kuma? Ai sun karɓi wurin."

Ya gyara hularsa, bai dube ni ba.

"Yaran nan a karkace suka kafa turakun. Bari in je in miƙe musu, kada a zo a ga wurin haka."